Yadda Ake Ƙara Risiba ta Biyu a Wani Ɗaki da Dish Ɗaya

Dish ɗaya ya isa ya kai hoto ɗaki biyu, ko huɗu, ko gidan gaba ɗaya. Waya ɗaya ce ba ta isa. Yawancin rigimar da ke tasowa bayan an ƙara risiba a ɗakin uwargida ko na samari daga nan take: an yanke wayar da ta sauko daga dish, an sa sifilita, wato 'yar na'urar raba waya gida biyu, a tsakiya, kowa ya ja nasa reshen. Ranar farko komai lafiya lau. Bayan kwana biyu sai a ga an sauya tasha a falo, hoton ɗaki ya tsaya cak, ko rabin tashoshi sun ɓace sai an kashe risibar falon sannan su dawo. Sai a ɗora wa sabuwar risiba laifi, alhali lafiyarta ƙalau.

Kafin ka sayi ko da konekta ɗaya, ka fara yanke shawara kan abin da ake so a ɗaki na biyun. In abin da ake kallo a falo ake son gani a can, ba a bukatar wata risiba, talabijin kawai za a ƙara, kuma bayanin wannan yana can ƙasa. In kuwa kowane ɗaki zai riƙa sauya tasharsa da kansa, wanda shi ne abin da mafi yawan gidaje ke nufi, to dole kowace risiba ta sami wayarta tun daga kan LNB.

Dalilin da ya sa sifilita ke ba da kunya

LNB, wato na'urar da ke maƙale a bakin hannun dish tana fuskantar farantin, ba ta turo duk tashoshi cikin waya a lokaci guda. Tauraron ɗan'adam yana aiko sigina ta fuska biyu, a tsaye da a kwance. Su ne haruffan V da H da kake gani a gefen lambar mita, wato frequency, a jerin tashoshi. Sannan a zangon Ku, wanda ƙananan dish ke kamawa, mitocin sun rabu gida biyu: na ƙasa daga 10700 zuwa 11700 MHz, na sama daga 11700 zuwa 12750. Ka ga kenan kashi huɗu ne, kuma baki ɗaya na LNB kashi ɗaya kawai yake iya sakowa a kowane lokaci.

Risiba ce ke faɗa wa LNB kashin da take so, ta cikin wayar nan da hoto ke bi. In tana son tashar V sai ta tura volt 13, in ta H ce sai ta tura volt 18. In tashar tana mitocin sama sai ta ƙara da wata ƙaramar sigina ta 22kHz. To ka ɗauka risiba biyu suna kan waya ɗaya, ɗaya tana tura 13, ɗayar tana tura 18. Wutar da ta fi ƙarfi ita LNB za ta bi, mai kallon tashar V ya tashi a tutar babu. Haka in ɗaya ta kunna 22kHz, ta janye ɗayar zuwa mitocin sama ko tana so ko ba ta so. Ga kuma asarar ƙarfi: sifilita mai baki biyu tana cinye fiye da rabin siginar da za ta isa kowane reshe, wajen dB 4.

Akwai masu rantsuwa cewa sifilita ta yi musu aiki, kuma ba ƙarya suke ba. In duk tashoshin da gidan ke kallo sun faɗo a kashi ɗaya, misali duk H ne kuma duk a mitocin sama, babu abin da za a yi saɓani a kai. Amma ranar da tasha ɗaya ta koma wata mita, ko wani ya yi sabon bincike ya kamo tashoshin ɗaya ɓangaren, matsalar za ta fito. Haka abin yake da bakin nan na bayan wasu risibobi da aka rubuta LOOP OUT ko LNB OUT: risibar da aka jona ta nan tana ƙarƙashin ta farko, kashin da ta farko ta zaɓa shi kaɗai za ta gani. Inda sifilita ke aiki ba gardama shi ne eriyar ƙasa, irin ta GOtv ko ta StarTimes mai sanda, domin can babu zancen volt 13 da 18. Mutane da yawa daga can suka ɗauko dabarar suka kawo ta kan dish.

Kayan da za ka tanada

- LNB mai baki biyu, wadda a kwalinta aka rubuta Twin. In kana hasashen ƙara ɗaki na uku nan gaba, ka sayi mai baki huɗu, Quad, tun yanzu. Bambancin kuɗin bai kai wahalar sake hawa rufi ba.
- Wayar dish RG6, mai 75 ohm, gwargwadon nisa.
- Konekta irin F guda huɗu, ka ƙara biyu saboda kuskure.
- Kilif na kafe waya a bango mai girman milimita 7, tef mai hana ruwa, da ɗan silikon.
- Reza ko wuƙa mai kaifi, filaya, sukudireba, ƙaramar sifana, injin huda bango, da tsani mai ƙwari.

A kula da abu ɗaya a shago: Quad daban, Quattro daban, ko da yake duka baki huɗu gare su. Quattro kowane bakinta kashi ɗaya yake fitarwa har abada, za ka ga an rubuta VL, VH, HL, HH a jikinsu. An yi ta ne don ta shiga akwatin rarrabawa da ake kira multiswitch, wanda ake sa wa otal ko gidan haya mai ɗakuna takwas ko sha shida. In ka jona risiba kai-tsaye a Quattro, kwata na tashoshi kawai za ka samu. Sannan ka duba wuyan LNB ɗin. Na ƙananan dish yawanci milimita 40 ne. Manyan dish masu mita 1.8 da ake kafawa don Nilesat ko Arabsat wani lokaci mariƙinsu daban ne, in kuma zangon C kake kamawa to LNB ta zangon C mai baki biyu za ka nema. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ɗauki hoton tsohuwar da wayarka ka nuna wa mai shago.

Batun waya ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne ake yawan yin arha da za a biya daga baya. Wayar kirki zaren tsakiyarta tagulla ne zalla, ragar da ke kewaye da shi tana da kauri, ga kuma takardar alminiyom a ƙarƙashin ragar. Mai arha zarenta ƙarfe ne aka yi masa rufin tagulla. Ka je da ɗan maganaɗisu: in ya manne wa zaren, ƙarfe ne. A gajeren nisa, mita 10 ko 15, ita ma tana aiki. Amma in nisa ya yi yawa tana rage wutar da ke zuwa LNB, volt 18 ya iso a raunane, LNB ta ɗauka tashar V ake nema, sai duk tashoshin H su ɓace a ɗakin da ya fi nisa. RG6 mai kyau tana kai mita 30 zuwa 40 ba tare da wata damuwa ba. In nisan ya haura mita 60, kamar daga sashen maigida zuwa can ƙarshen gida, gara RG11 mai kauri. Wajen auna tsawo ka bi hanyar da wayar za ta bi da igiya, da duk kwanoninta, sannan ka ƙara mita 3. Waya guda ba haɗi ita ce mafi kyau, kowane haɗi ƙofa ce ta ruwa da asarar sigina.

Kafin ka taɓa dish

Kunna risibar falo, ka shiga shafin da ke nuna sigina, ka rubuta lambobin da ke wurin Strength da Quality a kan tasha biyu ko uku, ka tabbata akwai ta V akwai ta H. Quality ce abin lura. Strength tana iya nuna 80 ko da dish ɗin bango yake kallo, domin galibi shaida ce kawai cewa LNB na samun wuta. Waɗannan lambobin su ne ma'auninka in ka gama aiki. Ka kuma ɗauki hoton shafin saitin eriya yadda yake.

Daga nan ka kashe risibar ka zare ta daga soket. Kashewa da rimot bai wadatar ba, domin wasu risibobi suna ci gaba da tura wuta cikin waya, kuma in zaren tsakiya ya taɓa raga da wuta a kai, ana iya ƙona sashen da ke ba LNB wuta. Kada a hau in akwai hadari ko kwano na da jiƙa, kuma a sami wanda zai riƙe tsani.

Sauya LNB

Dish ɗin kansa ba za a motsa shi ba ko kaɗan. Kada ka jingina da shi, kada ka kama hannunsa don ka tsaya daidai. A kan tauraron da siginarsa ke da rauni a yankinmu, kaucewar da ido ba zai gani ba ta isa ta ɗauke hoto.

Kafin ka kwance tsohuwar LNB ka yi mata alama biyu da maka. Ta farko, karkatarta: za ka ga ba a miƙe take ba, an ɗan murɗa ta hagu ko dama, kuma wannan murɗin shi ke daidaita V da H da inda tauraron yake. Ka lura da inda wayar ta dosa, kamar hannun agogo, ƙarfe biyar ko ƙarfe bakwai. Ta biyu, zurfinta a cikin mariƙi, wato nisan fuskarta da farantin. Kwance sukurorin mariƙin, zare ta, sa sabuwar a daidai wannan karkata da wannan zurfi, ka ɗaure a sassauce tukuna. Mayar da tsohuwar waya a baki na ɗaya, a kunna risibar falo, a duba Quality. In ta yi ƙasa da yadda ka rubuta, ka murɗa LNB ɗin kaɗan-kaɗan, kana tsayawa daƙiƙa uku ko huɗu bayan kowane motsi saboda risiba tana jinkirin nunawa. Ka kuma tura ta gaba ko baya da 'yan milimita. Ka tsaya a gefe ko a ƙasa, kada kanka ya shiga tsakanin LNB da faranti. In lambar ta koma daidai ko ta fi, ka ɗaure, amma ba da ƙarfin da zai fasa robar mariƙin ba. Wanda rana ta daɗe tana duka yana karyewa kamar busasshen kara.

Haɗa konekta

Mafi yawan aikin da ya lalace, a nan ya lalace. Yanke baƙar fatar waya kamar milimita 12 daga baki, a hankali don kada reza ta yanke raga. Naɗe ragar baya a kan fatar. Daga farin roban da ya bayyana ka cire rabi, yadda zaren tagulla zai fito tsirara kamar milimita 6, ba tare da ka karce shi ba. Murɗa konekta har farin roban ya zo daidai da ramin da ke cikinta, zaren kuma ya leƙo milimita 2 zuwa 3 sama da bakinta. In ya fi haka ka rage da filaya, domin dogon zare yana lalata bakin risiba, gajere kuma ba ya taɓawa sosai.

Yanzu ka ɗaga konektar ka leƙa cikinta a haske. Silin raga guda ɗaya, siriri kamar gashi, in ya naɗe zaren tsakiya ya isa ya hana komai aiki. Risiba za ta rubuta LNB Short ko Overload, ko sigina ta tsaya a sifili. In kana da mita ta auna wuta, ka gwada tsakanin zaren da jikin konekta kafin ka jona kowane gefe, bai kamata ta nuna suna haɗe ba. Konektar da ake matsewa da na'ura ta fi ta murɗawa riƙo da hana ruwa, in kana da halin samunta.

Jan waya zuwa ɗaki

Jona sabuwar wayar a baki na biyu, ka ɗaure da hannu sannan ka ɗan ƙara kaɗan da sifana. Naɗe wurin da tef mai hana ruwa daga ƙasa zuwa sama, ka saukar da murfin roba da ke zuwa da LNB ɗin. In Quad ce, bakunan da ba a amfani da su a toshe su. Tef ɗin lantarki na yau da kullum zafin rana yana sassauta shi. Ruwa in ya shiga konekta ba ya tsayawa a nan, yana bin raga ya gangara cikin waya, ragar ta yi baƙi, wani lokaci har ya ɗiga a bayan risiba.

Ɗaure wayar a hannun dish don iska kada ta riƙa jijjiga konektar. Ka bi da ita ƙarƙashin inuwar rufi, kada ka shimfiɗa ta a kan kwano inda zafi zai gasa ta. Kilif ɗaya a kowane santimita 40 zuwa 50, kuma kada ka buga shi har ya matse wayar, domin in ta lotsa sigina na raguwa a wurin. A kwana kada a karya ta, a lanƙwasa ta a zagaye kamar bakin kofin shayi ko fiye. A raba ta da wayar lantarki da tazarar taƙi guda, in dole su haɗu to su gitta juna. Inda za ta bi ƙasa-ƙasa, ko ta ratsa tsakar gida, a zura ta cikin fayif saboda ɓera da awaki da ƙafar yara.

Wajen huda bango ka fara tabbatar babu wayar wuta a ciki, kada ka huda a saitin soket ko makunni. Ramin ya ɗan gangara zuwa waje. Kafin wayar ta shiga ka bar ta ta sauko ƙasa da ramin kaɗan sannan ta hau, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga ƙasa. Toshe ramin da silikon. A cikin ɗaki ka bar rarar mita ɗaya don a iya jan tebur.

Saita sabuwar risiba

Jona wayar a bakin LNB IN tun risibar ba ta kan wuta, sannan HDMI ko wayar nan mai kai uku zuwa talabijin. A shafin saitin eriya ka zaɓi tauraron da dish ɗinka ke kallo, ko Eutelsat 16A ne a digiri 16 gabas, ko Astra a 28.2 gabas inda masu Multi TV ke kamawa, ko Nilesat a digiri 7 yamma. Nau'in LNB ya zama Universal, 9750/10600. A zangon C kuma yawanci 5150 ne. LNB Power a kunne, 22K a kan Auto. Sai ka yi Blind Scan, wato binciken da risiba ke nemo tashoshi da kanta. In risibobin iri ɗaya ne, misali duk Strong ne masu lamba ɗaya, kana iya kwafe jerin tashoshi a filashi daga ta falo ka zuba wa sabuwar. Kada a gwada haka tsakanin risibobi mabambanta.

Gwajin da zai tabbatar maka aiki ya yi shi ne a sa falo a tashar V, ɗaki a tashar H, sannan a musanya. A kashe ɗaya daga soket a ga ko ɗayar ta ci gaba. In babu wadda ta girgiza, an rabu.

Gidan da ke da LNB fiye da ɗaya

A Arewa ba abin mamaki ba ne ka ga dish biyu ko uku a gida ɗaya, ko LNB uku a kan faranti ɗaya, an haɗa su da ɗan akwatin DiSEqC mai baki huɗu, wanda ke zaɓar LNB ɗin da risiba za ta kama. Shi wannan akwatin umarnin risiba ɗaya yake bi. Don haka risiba ta biyu tana bukatar nata akwatin, kuma kowace LNB da ake so a gani a ɗakunan biyu dole ta zama Twin: baki ɗaya ya tafi akwatin farko, ɗayan ya tafi na biyu. Ka jera su iri ɗaya, in Nilesat na lamba 1 a wannan akwatin to ya zama lamba 1 a wancan, sannan ka saita lambar a shafin eriya na kowane tauraro. In kuɗi bai kai ba, ka sauya LNB ɗin tauraron da mai ɗakin ya fi kallo kawai, ka ja masa waya kai-tsaye.

In dikodar biya ce

Waya ba ta raba kuɗin wata. Dikodar DStv ta biyu tana bukatar nata biyan, ko a haɗa ta da ta farko a tsarin XtraView, wanda ke ba da damar haɗa dikoda har uku a gida ɗaya da ƙarin kuɗi a wata. A wannan tsarin babbar dikoda tana aika wa ƙaramar wata sigina lokaci-lokaci, in ta yanke, ko an kashe babbar, ƙaramar za ta tsaya ta nuna E143. Dikodar DStv Explora kuma tana aiki ne da Smart LNB, wadda ke ba kowace dikoda nata zangon a cikin waya, shi ya sa a can ake iya amfani da sifilita mai wuce wuta in an saita lambobin zangon daidai. Wannan ka bar wa mai haɗawar da kamfanin ya amince da shi. Abin da ya fi dacewa da gidaje da yawa shi ne dikodar biya a falo, risibar kyauta a ɗaki, in dai tauraron da dish ke kallo yana da tashoshin kyauta da ake so.

In hoto ɗaya ake so a talabijin biyu

Tsofaffin risibobi suna da bakin RF OUT. Ka ja RG6 daga nan zuwa bakin eriyar talabijin na biyu, ka yi bincike a UHF har hoton ya fito. Hoton ba zai kai na HDMI kyau ba. A sababbi sai sifilitar HDMI mai amfani da wuta, amma wayar HDMI in ta wuce mita 10 zuwa 15 takan fara yanke hoto, sai a koma ga 'yan akwatunan da ke tura HDMI ta wayar intanet Cat6. Rimot dai yana falo, mai ɗaki abin da aka sa masa zai kalla.

In an gama amma abu bai yi ba

In sabuwar risiba ba ta nuna komai, ka kai ta falo ka jona a tsohuwar waya. In ta kama a can, laifin na sabuwar waya ne ko konektarta. Ka kuma musanya wayoyin biyu a kan LNB, in matsalar ta koma falo to bakin LNB ɗin ne ya mutu, a mayar wa mai shago. In tashoshin V na fitowa na H ba sa fitowa, ka zargi faɗuwar wuta a doguwar waya, ko tsatsa a konekta, ko LNB Power da aka bari a 13V kaɗai. In masu mita sama da 11700 ne suka ɓace, 22K a kashe take. In hoto na farfashewa a ɗakunan biyu tun bayan aikin, an ture dish ko karkatar LNB ba ta koma daidai ba. In lafiya yake da rani amma yana ɗaukewa kwana guda bayan ruwan sama, ruwa ya shiga konekta: yanke wayar har inda raga take fari tas, ka sa sabuwa.

Wani lokaci za ka ji konekta na ɗan jan hannu in ka taɓa. Yawanci rashin wayar ƙasa ne a soket, kuma ya fi tsanani in sassan biyu ba layin wuta ɗaya suke ba, wannan na kan janareta wancan na kan wutar gari. A sa mai gyaran lantarki ya haɗa ragar wayoyin biyu da jikin dish zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Da damina kuma, in hadari ya haɗo da tsawa, a zare risibobin biyu daga soket, a kwance wayar dish daga bayan kowacce, domin yanzu LNB ɗaya ta haɗa su kuma abin da ya shigo ta ɗaya yana iya kaiwa ga ɗayar.